Yadda Baba Ya Cire Wa Motata Ƙwaƙwalwa

Motata ta mutu ne ranar wata Talata da hantsi, ɗauke da kiret arba'in na ƙwai. Sana'ata ke nan, in ɗauko ƙwai daga gona in rarraba wa masu shaguna da gidajen burodi. Wata 'yar fitila mai ruwan lemo ta fi wata biyu tana kunnuwa a gaban sitiyari, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu da ita. Ran nan motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru a tsakiyar titi, masu hon suka taso ni a gaba kamar na kashe musu wani.

Wasu bayin Allah suka tura ni har layin makanikai. A layin nan gareji biyu ne ke kallon juna. Na hannun dama na wani ne da ake kira Likita, saboda farar rigar da yake sawa da kuma na'urar da yake jona wa mota ta gaya masa ciwonta. Motoci a gabansa har sun tare hanya. Na hannun hagu kuma na mahaifina ne.

Baba ya shekara arba'in yana kanikanci. A zamaninsa, in mota ta shigo layin, daga jin ƙararta yake faɗin abin da ke damunta tun direba bai kashe ta ba. Sai motoci suka koma masu injekta, kowace da 'yar kwamfutarta da ake kira ƙwaƙwalwa, kabireta, tsohuwar na'urar da ke haɗa wa inji fetur da iska, ta zama tarihi, aiki ya tsallaka titi ya bar shi. Shekara biyu ke nan ba wanda ya ɗaga bonet a gabansa sai mai neman ruwan lagireto. Duk da haka ƙarfe bakwai yana nan. Zai share wurin, ya goge sifanu ɗaya bayan ɗaya, ya rataye su a jikin allo daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna a benci shi da amininsa Mai Faci suna zagin motocin zamani. Yayana ya matsa masa ya rufe garejin ya zauna a gida ya huta, har Baba ya ce to, in wata ya ƙare babu aiki zai miƙa makulli. Ni na san irin wannan hutun. Ranar da Baba ya zauna a gida, ranar zai fara tsufa na gaske, kuma abin yana cin raina.

Masu turi suka ce, “Hajiya, dama ko hagu?”

Wallahi dama na so in ce. Amma Baba ya riga ya miƙe daga benci, har yana naɗe hannun riga. Da wane ido zan kai motata wajen Likita ubana yana tsaye yana kallo?

Na ce, “Hagu.”

Baba ya ɗaga bonet ya tsaya yana duban injin yana girgiza kai. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata, wannan ba inji ba ne, shagon sayar da waya ne. Dubi wayoyi! Mota ta ce sai ta yi tunani kafin ta sha mai? Wa ya aike ta?”

“Baba, ko dai a ɗan jona mata na'urar nan a gani...”

Ya juyo ya dube ni, na haɗiye sauran maganar.

“Ƙwaƙwalwar ce ta taɓu,” in ji shi. “Cire ta zan yi gaba ɗaya, in sa miki kabireta. Kwana biyu.”

Mai Faci ya ce, “Madalla! A mayar da ita mutum.”

Na kwashe ƙwaina a motar haya, na koma gida ina ta masifa ni kaɗai. Maigidana ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai kamar a cire wa gida famfo ne a haƙa rijiya a falo. Na ce masa in ya ƙara cewa uffan a kan ubana, da ƙafa zai riƙa kai yara makaranta. Ya kama bakinsa, amma kafaɗunsa ba su daina rawa ba.

Kwana biyun Baba suka zama tara. Sai dai ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya zaro kabireta naɗe a tsohon tawul. Ya warware ta gunduwa-gunduwa a kan faranti, ya wanke da fetur, yana hura ƙananan ramukanta da baki yana ɗaga su sama yana leƙawa. Ya tafi wajen mai walda aka yanka masa farantin ƙarfe da zai zaunar da ita a kan injin. Da ya cire ƙwaƙwalwar ya gano ita ce ke ba fulogi wuta, sai ya shiga kasuwar 'yan gwangwan ya wuni, ya dawo da tsohuwar distiributa yana murmushi kamar wanda ya ɗauko jika daga asibiti. Ita kuwa ƙwaƙwalwar, a kwalin sabulu ya jefa ta tare da tulin wayoyinta.

Na ce, “Baba, wannan wayar fa ta mece ce?”

“Ta gulma ce. Ita ke kai rahoto.”

“Wannan fa?”

“Ita ma.”

Ranar tashin mota, rabin layin ya taru. Mai walda ya zo, mai fenti ya zo, Mai Faci ya gyara zama a kan taya. Shi kansa Likita yana tsaye a ƙofar garejinsa ya harɗe hannuwa. Baba ya ce in shiga in murza makulli. Na yi bisimilla na murza.

Injin bai ce komai ba. Kabireta ce ta yi magana. Fetur ya yi tsiri daga bakinta, ya wanke wa Baba fuska da gemu, ya sauka a kan hular Mai Faci. Mai walda, wanda ke da sigari a baki, ban san ƙafarsa na da sauri haka ba, sai hango shi na yi a bakin titi.

“Kashe! Kashe!” in ji Baba.

Ya goge fuska ya ce ƙazanta ce ta maƙale a ciki. Ya kwance, ya wanke, ya ɗaura. Na murza, ta sake yi masa wanka. Sau huɗu ana haka. A na huɗun ba wanda ya yi dariya, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya fi dariyar ciwo. Baba ya zauna a benci, rigarsa sharkaf, yana kallon hannuwansa. Saura kwana shida wata ya ƙare. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don na san ko motar za ta ruɓe a wurin ba zai tsallaka titin nan ya yi tambaya ba.

Ni na tsallaka, amma ta bayan layi, na zagaya ta wajen masu sayar da batir kamar mara gaskiya. Likita ya saurare ni, kuma Allah ya sani bai yi mini dariya ba.

“Hajiya, aikin Baba ba laifi, hannunsa na nan. Famfon mai ne bai canja ba. Na injekta yana turo fetur da ƙarfin gaske, ita kuwa kabireta kaɗan-kaɗan take so. A cire na cikin tankin a sa ƙarami, shi ke nan. Bari in zo in gaya masa.”

“Ka zo ina? Ka taka ƙafarka can, ni da kai ne. Ba ka gan ni ba, ban gan ka ba.”

Matsalar yanzu ita ce yadda maganar za ta shiga kan Baba ba tare da ya san daga ina ta fito ba. Ni da ban san bambancin fulogi da murfin kwalba ba, in na ce famfon mai, nan take zai gane. Washegari na kawo masa abinci, na zauna kusa da shi, na fara ba Mai Faci labari da ƙarfi.

“Kawu, ka ga famfon gidanmu? Tunda aka sa sabon injin ruwa, ƙarfi ya yi masa yawa. In ka tara kofi, kafin ka ce me, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa ka. Kofin kuma lafiyarsa ƙalau. Kofin ba shi da laifi ko kaɗan.”

Mai Faci ya ce, “To ki riƙa tara bokiti mana.”

Na ji kamar in rufe shi da duka. “Kawu, ba maganar bokiti ake ba. Ƙarfin ne ya yi yawa. Ƙarfin turowa. Daga can baya.”

“Ki kira mai gyaran famfo. Akwai wani surukina...”

Baba ya ce, “Uwata, mutane na fama da inji kin zo kin cika mana kunne da kofi. Tashi ki ba ni wuri.”

Na tashi na koma gefe ina cizon yatsa. Ya ci abincinsa a nitse, ya wanke hannu, ya yi hamma. Can sai na ga ya tsaya cak. Ya zagaya bayan motar, ya durƙusa ya kara kunne a jikin tanki, ya ce in murza makulli rabi. Ya saurara. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Mai Faci, ka san abin da na gano? Famfon mai ne. Ƙarfi ya yi masa yawa.”

“Kai! Ta yaya ka gane?”

“Kunne. Shekara arba'in wasa ce?”

Na ce, “Ikon Allah! Baba, ni da zan shekara ina tunani ba zan gano ba.”

“Ina za ki gano? Ke da ƙwai kika sani.”

Da la'asar ya ɗaura ƙaramin famfo. Ya koya mini sabuwar doka: in jawo wata 'yar waya da ya saƙalo kusa da gwiwata, in taka totur sau biyu, ba uku ba, sannan in murza. Na yi yadda ya ce. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi wata ƙara da ta tayar da tantabarun kan rufi, sannan ta kama. Baba ya dafa ta da hannu ɗaya, ya rufe ido, yana juya wani ɗan sukuru a gefen kabiretar a hankali, har rawar da injin ke yi ta kwanta, ƙarar ta koma sumul. Layin ya ɗauki tafi. Likita ma ya tafa daga tsallake, Baba ya yi kamar bai gani ba.

Fitilar nan mai ruwan lemo dai ba ta mutu ba. Da na nuna masa, ya yanko baƙin salatif ya manne ta. “Ga shi nan, ta warke.”

Mota ta yi lafiya, ban da ƙishirwar fetur da ta ƙaru da kuma lallashin da take so kowace safiya. Yayana ya ga aiki ya shigo, ya ɗaga wa Baba ƙafa. To amma aikin ɗaya ne, kuma ya ƙare. Ba wanda ya biyo bayana ya ce a cire wa tasa motar ƙwaƙwalwa, mutane ba mahaukata ba ne. Bayan mako biyu na bi ta layin, na hango Baba a benci ya zuba tagumi, Mai Faci na gyangyaɗi a gefensa. A ranar kuma Yaya ya kira ni ya ce maganar makulli fa tana nan.

Ranar Asabar da safe na ɗauki wuƙar kicin, na ɗaga bonet, na nemo ɗan sukurun nan na murɗa shi son raina. Motar ta koma rawa kamar mai jin sanyi. Na kai ta gareji ina ɓata rai.

“Baba, wannan wane irin aiki ne? Dubi yadda take yi!”

Ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe. Ya yi awa guda a kanta, ya duba fulogi, ya hura wannan, ya ɗaure wancan, ya yi mini faɗa a kan fetur ɗin bakin hanya da ban taɓa saya ba. Na kira Yaya a gabansa na ce motata dai sai an riƙa dubawa duk mako, kuma duk garin nan mutum ɗaya ne ya iya ta, in an rufe garejin shi Yayan ne zai riƙa yi mini dakon ƙwai a ka.

Haka na riƙa yi duk Asabar. Wani makon in murɗa dama, wani makon hagu. Sau ɗaya na zarce, ta mutu a hanya, sai da aka tura ni, ƙwai goma sha biyu suka fashe.

A Asabar ta biyar, Baba ya gama saitinsa ya rufe bonet. Mai Faci ya tafi duba wata taya, mu biyu ne kawai. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma bai dube ni ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan ƙaramin sukudireba, ya ajiye a kan bonet ɗin.

“Ki daina sa wuƙa, Uwata. Kina cinye kan sukurun, kuma irinsa ba a samu yanzu.”

Kunya ta rufe ni, idona ya cika da hawaye.

“Rabin juyi ya isa,” in ji shi, har yanzu tsumman yake kallo. “Ta hagu. Ta dama fetur kike ƙonawa a banza.”

Na ɗauki sukudireban na sa a jaka. Na shiga mota na taka totur sau uku saboda ruɗewa, ta ƙi tashi. Ya leƙo ta taga.

“Sau biyu na ce. Asabar ki zo da wuri. Ƙarfe bakwai na buɗe.”