Takardar da Malam Falalu Ya Zo Nema

Takalman da ke ƙafar dattijon duka biyun na hagu ne, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. Su ne abin da Dakta Fiddausi Marwa ta fara gani lokacin da maza huɗu suka sauko da shi daga bayan a-kori-kura, suka shigo da shi ɗakin gaggawa ana idar da sallar la'asar. Ita dama idonta ya fi bakinta aiki. Wata bakwai ke nan da fara aikinta a asibitin nan na Dutse, amma har yanzu akwai mai gadin da yake zaton ba ta jin Hausa.

Dattijon fari ne siriri, gemunsa fari fat. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, yana ta surutai yana dariya shi kaɗai. Da aka kwantar da shi ya kama hannun Sista Alheri, babbar nas ɗin ɗakin, ya tambaye ta nawa ake sayar da tinkiya a kasuwar Jahun.

Wanda ya jagoranci kawo shi wani matashi ne mai guntun wando da littafi a hammata, ya ce sunansa Malam Falalu. Shi ne shugaban wani kwamiti da samarin unguwarsu suka kafa wa kansu tun da aka ƙaddamar da shari'a. Ya ce dattijon nan Modibbo Abdurrahim ne, mai makarantar allo a gindin dutse, kuma a gabansa shi kansa ya yi sauka. Amma yau sun tsince shi a hanyar bayan tasha, wadda ke zuwa inda masu sayar da giya suka koma. Yana tangaɗi, ya yi wa falwaya sallama har sau uku, ya kira shi Falalun ɗan akuya a gaban jama'a. Ga kuma takalman mutane da ya kwaso a ƙofar masallaci, ga warin da ke fita daga bakinsa.

"Takarda muke so, Likita, ta shaidar giya ya sha, da sa hannunki," in ji shi. "Ko uban da ya haife ni ne, gaban alƙali zan kai shi."

Fiddausi ta san abin da takardar za ta jawo: bulala tamanin a bainar jama'a, ga mutumin da ya haura saba'in. Ko bayansa ya jure, makarantar ba za ta jure ba, don babu uban da zai sake tura ɗansa can. Ta sa masa ma'aunin zafi, babu zazzaɓi. Ta lanƙwasa wuyansa, laushi ƙalau, ba sanƙarau ba ne. Jikinsa sanyi kamar randa a wannan zafi na bazara, yatsunsa suna karkarwa. Ta sunkuya ta shinshina bakinsa. Akwai wari, amma ba irin na direbobin da ake kawo mata daga haɗarin mota ba.

Ana haka Dakta Nata'ala ya shigo da fayil ɗinsa. Shi ne babban likitan ɗakin, kuma shekara guda ke nan yana bincike kan mutanen da ake kawowa hankalinsu a gushe. Ya buga fom mai akwati biyar: zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, farfaɗiya, buguwa, da sauransu. Burinsa ya karanta sakamakon a taron likitoci a Kano, har ya ɗinka kwat saboda ranar.

Yana ganin dattijon fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan mutuminsa ne, zuwansa na huɗu ke nan, zazzaɓi ne yake taɓa masa kai. Duk lokacin da aka ɗaura masa kwinin a ƙarin ruwa, kafin rabin awa ya tashi zaune yana neman buta. A duk binciken babu wanda magani yake karɓa kamarsa. Malam Falalu ya ce to ai mai buguwa ma yakan wartsake. Gardama ta kaure, kowa yana nuna akwatin da yake so a cike.

Fiddausi ta zame ta koma teburin rajista. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: kwinin ba ya aiki a rabin awa. Amma ruwan da ake zuba shi a ciki, ruwa ne mai suga. Ta buɗe babban littafin, ta bi shafuka da yatsa har ta samo sunan sau uku, duk bayan azahar. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke bango. Litinin, Alhamis, Litinin. Yau kuwa Alhamis. Kakarta ta Miga ta faɗo mata a rai, wadda ba a zuba mata abincin rana a waɗannan ranaku biyu.

Kamar an aika a kira ta, sai ga matar Modibbon, Hajiya Safiyatu, ta shigo tana haki, mayafi a karkace, riƙe da ƙullin dabino da kwanon kunu. Fiddausi ta ja ta gefe, ta gaishe ta, ta tambaya a hankali ko Malam yana azumi, ko kuma yana shan wani magani.

Hajiya ta ce shekara arba'in bai sha Litinin da Alhamis ba. Magani kuwa, e, akwai. Wata biyu da suka wuce an gaya masa yana da ciwon suga, aka ba shi wasu fararen ƙwayoyi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. To ranar azumi sai ya haɗa su biyun ya haɗiye da sahur, don kada ya saɓa wa likita kuma kada ya karya azumi. Sahur ɗin ma ruwa ne da dabino uku. Ya hana ta gaya wa kowa, wai kada ɗalibai su ce Malam ya tsufa. Ta sa hannu a naɗin hularsa ta zaro ƙwayoyin a ƙunshe cikin takarda.

Akwai 'yan takardun gwajin suga a ɗakin, amma na bincike ne, suna kulle a durowa, mukullin kuwa yana maƙale a rigar Sista Alheri. Fiddausi ta tsaya a gabanta tana murza yatsu, tana shirya yadda za ta roƙa. Sista ta harare ta.

"Ke 'yar nan, likita ce ke ko amarya? Buɗe baki ki ce a ba ki."

Aka soki yatsan Modibbo, aka ɗiga jini. Takardar da ya kamata ta rine da ƙyar ta canja launi. Sugar jininsa ta kusa ƙarewa.

"Ranka ya daɗe, a dakata da kwinin," in ji Fiddausi. Ita kanta ta yi mamakin ƙarfin muryarta. Dakta Nata'ala ya dubi takardar, ya dubi ƙwayoyin, ya matsa gefe.

Ta cika babban sirinji da ruwan suga mai kauri, ta sami jijiya, ta shiga turawa sannu a hankali. Kafin ta kai ƙarshe surutan suka tsaya. Modibbo ya ƙifta ido, ya kalli fankar sama, ya kalli matarsa, ya yi salati. Ya tambaya ko an yi la'asar. Sannan ya dubi allurar da ke hannunsa.

"'Yata, me kika zuba mini?"

"Suga ce, Baba."

"Mai ƙosarwa?"

"Ni dai na zuba. Hukuncin naka ne, Allah gafarta Malam."

Ya yi ta lissafi da leɓe. Can ya ce ai azumi ya riga ya tafi, babu amfanin a bar dabinon nan a ƙulle. Sista Alheri ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce wa samarin kwamitin warin da suka ji na bakin mai azumi ne, da suna yi da sun gane shi.

Fiddausi ta yi wa Hajiya bayani cewa kwana zai yi, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugar na iya sake faɗuwa. Batun azumi kuma za su zauna da Malam a sake tsarin maganin. Dakta Nata'ala yana can kan teburi yana soke layi uku da jan biro. Ya ce ta raba shi da mutuminsa mafi kyau a binciken, kuma yanzu dole a koma a duba duk wanda ya warke da wuri haka. Ya ce za a ƙara akwati na shida, da wurin rubuta ranar mako, kuma tunda ita ta jawo, ita za ta yi aikin. Sunanta zai shiga takardar Kano. Ta sunkuyar da kai tana addu'ar kada a ce ita za ta karanta.

Malam Falalu yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗauko takarda mai hatimi, ta rubuta abin da ta gani da abin da gwaji ya nuna, ta sa hannu, ta miƙa masa. Ya karanta sau biyu.

Sai a lokacin Modibbo ya hango shi. Bai tuna komai ba tun daga fitowarsa masallaci, aka ce masa Falalu ne ya tsince shi a hanya, ya nemo mota.

"Falalu na? Allahu akbar. Ka ga ɗan halak. Cikin duk waɗanda na karantar, kai Allah ya turo. Matso in sa maka albarka."

Hajiya Safiyatu ta buɗe baki, Sista Alheri ta taɓa mata hannu. Falalu ya matso kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya durƙusa. Dattijon ya dafa kansa ya yi masa doguwar addu'a, har da ta samun mace ta gari, ya damƙa masa dabino biyu. Kowa ya shafa.

Modibbo ya juya yana tambayar Fiddausi 'yar ina ce, kuma 'yar gidan wa. Tana cikin ba shi amsa ta ga Malam Falalu ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya gyara littafinsa a hammata, ya raɓa ta bayan samarinsa, ya fice.