Ranar da Aka Hana Auta Ruwa

Likita ya ce kada a ba Auta ruwa daga safe har yamma, ko da ɗigo. Ya faɗa yana duba agogo, ya wuce gado na gaba.

Tun da ta faɗo daga matakala ta bugu a ƙeya, Auta ke shan ruwa kamar ana zuba shi a rariya. Ta sha, ta zaga, ta dawo ta sake sha. Mijinta da uwarsa sun riga sun gama nasu binciken: taɓin hankali ne, kuma a gidan ubanta ya kamata ta yi jinyarsa. Likita ya ce akwai hanyar ganewa. A hana ta ruwa, a riƙa auna nauyinta, a ɗebi jini da fitsari. In jiki ya ci gaba da zubar da ruwa duk da ƙishin, ciwo ne mai suna, mai magani. In kuwa ta sha a tsakani, gwaji ya lalace, sai a koma ƙarshen layi, layin kuma ya kai baɗi. Mijin ya ce zai jira sakamakon yau. Bai ce zai jira na baɗi ba.

Ubanta, tsohon malamin kimiyya, ya zauna a kujerar roba kusa da gadon. Ya karanta duk abin da ya samu a kan ciwon, ya zo da shi a ka, don ba shi da wani abin kawowa.

Da hantsi leɓɓanta suka fara tsagewa.

“Baba, yi mini magana. Ko mece ce.”

“Akwai wani sinadari da ake sakowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa cikin jini,” in ji shi. “Babban aikinsa ya je wa ƙoda ya ce, riƙe ruwan nan. Ɗan mitsitsi ne, sarƙa mai ƙulli tara. Sunansa ajinin basofiresin.”

“A jinin wa?”

“A jinin kowa, Auta. Har da surukarki. Ke kaɗai nake zargin an manta da ke.”

Ta yi ƙoƙarin dariya, leɓen ƙasa ya fito da jini.

“Ajinin ɗin sunan ƙulli na takwas ne. Alade ma yana da sarƙar, a wannan ƙullin suka bambanta da mu.”

“To a aro mini na aladen mana.”

“An taɓa yi. Garinsa ake ba mutane su shaƙa.”

“Allah ya kiyaye,” ta ce. Can kuma, a hankali: “Da zan shaƙa.”

Nas ta zo ta ɗora ta a ma'auni, ta ɗebi jini, ta ce nauyi yana sauka yadda ake zato, saura kaɗan. Daga nan aka kira ta wani ɗaki inda wani yake ihu, ta fita da gudu.

Bayan rana ta karkata mijin ya shigo, makullin mota a yatsa.

“Baba, an wuni lafiya? Ya mai jiki?”

“Ga ta nan. Tana jin magana, ka tambaye ta.”

“Sannu, Madam. Ashe dai ana iya haƙurin? A gida kuwa ko barci ba a bari mu yi.”

Idanun Auta sun faɗa, harshe ya manne. Ta sauko daga gado tana dafa bango, ta nufi banɗaki da robar awon fitsari. Doka ta ce kada ta shiga ita kaɗai. Tsohon ya leƙa baranda, ya kira nas, ya sake kira. Babu kowa sai keken marasa lafiya da aka jingine.

“Ka bi ta,” ya ce wa surukin.

“Ni? Haba Baba. A asibiti?”

Da uwarta na raye, da tuni tana ciki riƙe da kan famfo. Shi kuwa uba ne, iyakarsa bakin ƙofa. Ya tsaya a nan, ya ji an murza sakata.

“Auta. Saura kaɗan, uwata.”

Sai famfo ya yi tari, ruwa ya fara zuba. Ya ƙwanƙwasa, ya kira ta, ya jijjiga mariƙin ƙofar. Ruwan bai tsaya ba, kuma ba a cikin kwanon wanke hannu yake zuba ba. Yana jin haɗiyar ta cikin katako.

Ta fito gaban rigarta sharkaf.

“Baba, ka yafe ni.”

Mijin ya juya makulli a yatsa. “Kun dai gani da idonku. Zan sa a kawo kayanta, ta huta a wajenku.”

Takunsa ya ɓace a baranda. Nas ta dawo, ta dubi rigar, ta ajiye allurar ɗibar jini, ta ce su ga akawu gobe ya ba su wata rana.

Tsohon ya ɗauki kofin da aka kife a kan durowa tun safe, ya shiga banɗakin ya cika shi. Ta shanye a tsaye, ta miƙo masa, ya koma.