Dawakan Orval Pruitt

Shekara talatin Orval Pruitt yana zagin na'urata, sai ga shi wata Asabar da safe ya shigo da motarsa da kansa, 'yarsa Twyla tana biye da shi a tata.

A wajensa na koyi aikin mota, nan garinmu na gabashin Tennessee, kafin in buɗe garejina in sayi na'urar auna ƙarfin inji. Manyan gangunan ƙarfe ne a cikin rami. A ɗora tayoyin baya a kai, a ɗaure motar da igiyoyi, a taka totur har ƙasa, kwamfuta ta faɗi ƙarfin doki nawa ne ya isa taya. Orval kuwa cewa yake duk wanda Allah ya ba ɗuwawu ba ya bukatar kwamfuta, a kujera ake jin ƙarfin mota. Zai fita da mota kan titin bayan injin katako, ya taka ta sau biyu, ya dawo ya ce, "Doki goma sha biyar ta ƙaru." In mai motar ya zo wajena a ɓoye, sai in tarar sha huɗu ne ko sha shida. Haushin hakan na sha har na gaji, don ni dala dubu arba'in na kashe.

"Yaro," ya ce da ni, ni da na ba shekara sittin baya, "kunna mana wannan abin wasan naka."

"Maigida, ko dai hanya ka ɓata? Coci yana can gaba."

"Rufe mini baki ka kawo kofi."

Twyla ba ta yi dariya ba. Ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ya kawo su. Ciwon sukari ya cinye jijiyoyin mahaifinta, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai sosai. Makon jiya ya bi ta kan akwatin wasiƙar maƙwabci, ya ce akwatin ne ya matso. Likita ya ce a karɓe makullin mota. Shi kuma ya kafe, har suka yi yarjejeniya: zai gyara motarsa Chevelle ta 1970 yadda ya saba, ya rubuta ƙarfinta a takarda. In na'ura ta zo kusa da lambarsa, bambancin bai wuce doki goma ba, a ƙyale shi da motarsa. In ba ta zo ba, ya ba da makulli da hannunsa.

"Kawu Dewey, kada ka taimake shi," in ji ta. "Na san ka."

Ta san ni kuwa. A kwamfutar akwai wurin da ake sa zafin rana da danshin iska, don a daidaita lissafi. In na ƙara zafin kaɗan, dawakai za su haihu a kan allo. Duk mai irin na'urata ya san wannan, ko da ba zai faɗa ba.

Na buɗe bonet na leƙa. Aikin tsaf, babu waya ɗaya a karkace. Amma ya cire kafiretar da ke kai ya ɗora wata ƙatuwa da ta fi ƙarfin injin, ya kuma sa salansa masu faɗi kamar bututun murhu. Shekara uku da suka wuce Twyla ta taɓa sato motar ta kawo mini, don tana son ta buga masa lambar dawakanta a riga ranar haihuwarsa. Ɗari huɗu da sha biyu ta yi a lokacin.

Orval ya ninke takardarsa ya miƙa wa Twyla. Na ɗaure motar, na kunna fanka a gabanta, na shiga na sa giya. Da na taka, sai da gilashin ofis ya girgiza. A ƙarƙashin wannan rugugi kuwa na ji wata 'yar ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Orval ya matsar da lokacin wutar fulogi gaba da yawa, fetur yana kamawa kafin lokacinsa, yana dukan kan fistin. Shi ya koya mini jin wannan ƙarar ina ɗan shekara sha bakwai, da mari a ƙeya. Na waiga na gan shi tsaye da sandarsa yana murmushi, yana gyaɗa kai. Bai ji ba.

A nan na gane abin da ya faru. Da jiki ya daina gaya masa gaskiya, sai ya koma bin abin da ya rage masa, wato ƙara da girgizar sitiyari a tafin hannu. Duk abin da ya ƙara wa motar hayaniya, shi a wurinsa doki ne. Zuciyata ta karye, wallahi.

Ɗari uku da saba'in da ɗaya allo ya nuna. Ni kaɗai nake gani. Hannuna ya je kan wurin zafin rana ya tsaya. Na tuna titin bayan injin katako yanzu gidaje ne gefe da gefe, yara suna tuƙa keke a kai. Na danna, takarda ta fito yadda take.

"Karanta tawa tukuna," in ji Orval.

Twyla ta buɗe ta karanta. "Ɗari huɗu da arba'in."

Na miƙa masa tawa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Na'urarka ta lalace."

"Ƙila, maigida. Mu sake."

"Tana ƙwanƙwasa?" ya tambaya a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Tana yi."

"Tun yaushe?"

"Tun da injin ya kai juyi dubu uku da ɗari biyar."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun riga. "To kada ka sake. Za ka fasa mata fistin a banza." Ya laluba aljihun wando ya ciro makullin gareji da na tsohuwar akori-kurarsa, ya kama hannun Twyla ya sa mata. Na Chevelle yana jikin motar. Twyla ta fashe da kuka, shi ne ma yake ce mata, "Haba 'yar Baba, ai ke kika ci, kukan na mene ne?"

Na mayar da wutar daidai cikin minti goma, yana tsaye a kaina yana cewa spanar ba haka ake riƙe ta ba. Sannan na kwance igiyoyi na ce zan kai motar gida. Ya zagaya ta hannun dama, ya tsaya yana kallon ƙofar kamar ta gidan baƙi, kafin ya buɗe ya zauna.

Mun hau babban titi, babu kowa gabanmu, sai ya ce, "Taka ta, yaro."

Na taka. Gabanta ya ɗaga, kujera ta tokare mini baya, allurar gudu ta wuce mil tamanin kafin in ɗaga ƙafa. Duk lokacin nan fuskata yake kallo, bai kalli hanya ba.

"Yaya?" ya ce.

"Ta manna ni da kujera, maigida. Har cikina ya juya."

Ya jinjina kai, ya shafa cinyarsa da tafin hannu sau biyu.

"Madalla," ya ce. "Ni ka ga kamar ina zaune a falo."