Sunan da Aka Ja Sama

Alhaji Bature ya buga tafin hannunsa a kan teburi har kofin shayinsa ya karkace.

"Sati uku, Makau! Sau uku kana shiga ƙauyen Dareta kana fita, yarinya na kwance tana jijjiga, ba ka ɗauko ta ba!"

Makau dattijo ne. Shekara biyu ke nan yana tuƙa motar wata ƙaramar ƙungiya da ke jigilar yaran da gubar dalma ta kama, daga ƙauyuka zuwa Anka shan magani. Bature ne shugaban ofishin. Makau ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, babu sunanta ga takardar da anka ba ni. Wallahi babu shi."

"Ina takardar?"

"Wurin mai unguwa nika barin ta, shi ka kiran sunaye."

Bature ya juya wajen ma'aikacin kwamfuta. "Nuraddeen, ka sa sunan Muhsina ko ba ka sa ba?"

"Na sa, yallaɓai. Ranar da sakamakon jininta ya fito, da hannuna na kai ta saman jerin."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya gina shafin kwamfutar da ofishin ke aiki da shi, da ɗan abin da ya koyo a Gusau, kuma babu wanda ya zo ofishin bai nuna masa shi ba. Kowane yaro da katinsa a kan allo. In ana son a gaggauta ɗauko yaro, sai a kama katin da linzamin kwamfuta a ja shi sama. In yaro ya gama shan magani, sai a danna katin sau ɗaya, a sallame shi ke nan. Kowace Litinin Nuraddeen ya buga takarda ya miƙa wa direba.

"Ka ji ko?" in ji Bature. "Kwamfuta ba ta mantuwa. Tsoho ne ke mantuwa. Kawo makulli."

Makau ya daɗe yana lalube a aljihu kafin ya ajiye makullin.

Nuraddeen ya koma ɗakin kwamfuta. Ta taga yana hango Hure, uwar yarinyar, zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Jiya da la'asar ta gaji da jiran mota ta hau babur da 'yar. Yau da hantsi yarinyar ta rasu. Ga ta nan a cinyarta, an naɗe ta da zane, ana jiran a ga wanda zai mayar da su gida.

Ya buɗe shafin, don dai ya buga shaidar da zai kai wa Bature. Ya duba saman jerin. Babu Muhsina. Ya gangara har ƙasa, babu ita. Sai a jerin waɗanda aka sallama ya same ta, da kwanan watan ranar da ya ja ta sama, da ƙarfe goma da minti shida, daidai lokacin da ya yi hakan.

Ya ƙirƙiri katin gwaji, ya ja shi a hankali zuwa tsakiyar jeri ya saki. Lafiya lau. Ya sake kama shi ya ja har can sama, inda katin ke tsayawa cik a ƙarƙashin linzami, ya ɗaga yatsa. Katin ya zauna a matsayi na ɗaya kamar abin kirki. Ya sabunta shafin. Katin ya ɓace.

Ya gwada sau huɗu kafin ya yarda. Sakin yatsan da ke ƙare ja, shi ne shafin ke ɗauka a matsayin dannawa. Bai taɓa gaya masa ya bambanta su ba. Wanda duk ya ji tausayinsa ya kai shi gaba da kowa, shi ya sallama.

Ya bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Yara biyar ya samu ban da Muhsina, kuma a cikin duk jerin babu masu dalma a jini kamar su.

Gyaran bai ɗauke shi minti goma ba. Layi huɗu ya ƙara a umarnin shafin: in an fara ja, a ajiye alama, in dannawa ta biyo bayan saki, a yi watsi da ita. Ya gwada, katin ya tsaya. Ya mayar da yaran biyar saman jeri, ya buga sabuwar takarda.

A baranda ya tarar da Bature tsaye a kan Hure.

"Ku ma da laifinku. An ce ku daina niƙa dutsen zinare a tsakar gida, kun ƙi ji. Sai yaro ya fara suma ku zo kuna kallon mutane."

Hure ba ta ɗago ba. "Mun bari tun bara, Alhaji. Cewa anka yi mu jira mota, munka jira."

"To babu mota yau. Ba ni da direba."

Makau, da ke tsugune gefen bango, ya miƙe. "Ranka shi daɗe, bari in kai ta in dawo, sannan ka kore ni. Gawa ce."

"Da ranta ba ka ɗauko ta ba, sai yanzu? Zauna!"

Nuraddeen ya buɗe baki. Maganar tana nan a shirye, ba ta fi kalma goma ba. Ya dubi Bature, ya dubi masu gadi da ma'aikatan jinya da suka taru suna kallon Makau kamar wanda aka kama da akuyar sata. Sai ya miƙa takardar.

"Yallaɓai, waɗannan biyar ɗin a ɗauko su gobe. Suna da gaggawa."

"Ka gani?" Bature ya ɗaga takardar ya nuna wa jama'a. "Wannan shi ne mai aiki."

Makau ne ya fita titi ya tsayar da ɗan acaɓa. Ya riƙe gawar har Hure ta hau ta gyara zama, sannan ya ɗora mata a tsakaninta da mai babur, ya tura gefen zanen da ke lilo don kada ya shiga taya. Da suka tafi ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba.

Bayan azahar Bature ya leƙo ɗakin kwamfuta.

"Rubuta wa Makau takardar kora. Ka sa sakaci da ya jawo asarar rai. Kwafi biyu, ɗaya za a aika Gusau."

Nuraddeen ya rufe shafin, ya buɗe farar takarda. Ya rubuta sunan Makau a sama, ya tsaya yana kallon sunan.

"Akwai matsala ne?" in ji Bature.

"A'a, yallaɓai. Sunan mahaifinsa nake son in tabbatar, kada a yi kuskure."