Sakatar Ɗakin Cin Abinci

Zaure cike da mutane, kowa da kati rataye a wuya kamar akuyar da aka kai kasuwa, wai su ne ƙungiyar masana kimiyyar siyasa. Wani ya ɓata mana safiya yana karanta takarda a kan maguɗin zaɓe. Kana ganin hannunsa ka san ko akwatin ashana bai taɓa ɗaukewa ba. Ni da na sha ɗauri saboda siyasa, aka fasa min kai a taron jam'iyya na miƙe na ƙarasa jawabina, ban taɓa zama a aji ba, amma babu wanda ya isa ya riƙe min takalmi a cikinsu.

Autata ce ta zo da ni. Malama ce a jami'a, tana neman kujerar sakataren ƙungiyar a hannun wani farfesa mai tumbi da ya daɗe yana ɗumama ta. Da ɗaga hannu za a yi zaɓen bayan abincin rana, kuma wanda ba ya cikin zaure ba shi da ƙuri'a.

"Baba, kallo kawai ka zo yi," in ji ta. "Don girman Allah kada ka taimake ni."

"Ni? Ina ruwana da wasan yara?"

Amma na san abin da ba a rubuta a littattafansu ba. A zamaninmu talaka ke loma ya tashi, manya su ne ke daɗewa a kan nama. Da aka kaɗa ƙararrawar komawa zaure, na bari rabin jama'a suka fito, na ja ƙofar ɗakin cin abinci, na zura sakata ta waje, na koma zaure na harɗe ƙafa.

Aka kira sunan Auta, hannuwa tsiraru suka tashi. Aka kira Mai Tumbi, sai ka ce daji. Ana tafa masa ana jin dukan ƙofa daga nesa.

Da mai dafa abinci ya buɗe, sai ga ƙananan malamai sun ɓullo, mutanenta kaf, wasu da cokali a hannu. Ashe a wurin waɗannan, manya ake fara zuba wa su ci su fice, yara su bi layi. Wace irin siyasa ce wannan? Nan take suka kafa kwamitin bincike, Mai Tumbi ne shugabansa.

A mota, kan hanyar gida, Auta ta dube ni.

"Baba, wa ya sa sakatar?"

"Tambayi masanan naki, ai bincike sana'arsu ce. Ke dai baɗi ki bar min komai a hannuna."

Ta raka ni har ƙofar ɗakina, kamar kullum. Sai ta tsaya tana kallon sakatar da ke waje, ta sa yatsa ta gwada ta.

"Allah ya kai mu, Baba," in ji ta.