Mwayan ɗin Gado

Tanne tana shafa wa mijinta Gado ruwa a goshi ta ɗago kai ta yi mini godiya. Ni da ƙanena Manzo muka ɗauko Gado daga gona, inda muka iske shi kife kan hauyarsa.

"Allah shi saka, Tanko," in ji ta. "Kwana ashirin da ɗoriya shina ci gidanku, cikin wagga yunwa. Kumya ta hana ni zuwa godiya."

Gado bai ci ko loma a gidana ba tun farkon damina. Duk ranar da na kira shi akushi sai ya shafa ciki ya ce ya riga ya ci a gida. A garinmu namiji a waje yake cin tuwonsa, mace ba ta ganin bakinsa, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram tsakanin gidajenmu biyu da danga ɗaya ta raba.

Gado tsohon soja ne. Bai taɓa harbin kowa ba, a magazin, wato ɗakin ajiyar kaya, aka ajiye shi yana auna wa sojoji shinkafa. Can ya koyo abin da yake kira mwayan, wato a haɗa mai yawa da kaɗan a raba daidai. Da ya dawo Kurfai sai ya addabe mu da shi. Ya san mwayan ɗin goron da yake ci a wata, da na gishirin Tanne, da abin da kasuwar Filinge ke cinye masa tun daga kaka har lokacin lanho, wato haraji. Muna yi masa dariya muna kiransa Gado Mwayan, amma gaskiya gidansa bai taɓa sayar da akuya don biyan lanho ba, mu kuwa duk shekara.

A wannan shekarar rumbunan kowa sun yi ƙasa da wuri. Wata rana a gindin gawo ya zana mini lissafinsa a ƙasa da yatsa. Ya riƙe kwanakin shekara goma, daga shuka zuwa yankan hatsi: wata shekara tamanin, wata ɗari, mwayan tis'in. Ranar an yi kwana arba'in da takwas da shuka, saura kwana arba'in da biyu ke nan. A rumbunsa dami goma sha biyu ne, baki bakwai kuma suna cinye dami a kwana uku. Kwana talatin da shida. Ya ce kwana shida ba su da abinci. Na ce Allah yana nan, na tashi na tafi neman jakina.

Da Tanne ta fita ɗebo ruwa na matsa kusa da tabarmar. Wuyansa ya zama kamar na kaza, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa ta cikin riga. Na tambaye shi me yake ci. Ya ce anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, da ganyen tafasa, a gona, wani lokaci Manzo yakan miƙa masa ragowar fura. Na ce ya haukace.

"Baki bakwai, talatin da shida," ya ce, murya can ƙasa. "Baki shida, arba'in da biyu. Kai ma lissafa ka gani." Ya huta. "Kak ka hwaɗa mata."

Na kawo kunu daga gidana. Ya kurɓa sau biyu, ya dawo da shi. Masassara ta riga ta samu wurin zama a jikin da babu komai cikinsa. Kwana uku muna juya shi, ran na huɗu da hantsi ya cika. Na taya wanka, na taya haƙa, na ɗauki makara, kuma ban ji komai ba sai nauyin ƙafafuna. Har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Ruwa ya yi kyau a makon. Hatsi ya nuna da wuri, kwana tara kafin mwayan ɗin Gado. Ranar sadakar bakwai mutane sun fara yanka. Na hau rumbunsa don in sauko wa Tanne da abin sadaka, na tarar da dami biyu da rabi. Na tsaya a kan tsani na lissafa irin yadda ya koya mini. Da ya ci rabonsa kullum, da hatsin ya kai su, har dami guda ya rage.

Ban faɗa mata ba. Mata suka sussuka suka daka, aka yi gumba aka fito da ita ƙofar gida. Tanne da kanta ta ware babban curi ta aiko mini, wai na mai ciyar da shi ne.

Na zauna a kan tabarma tsakanin Manzo da liman, gumbar tana tafin hannuna. Kowa yana ci. Na gutsura na kai baki.