Abin da Inna Ke Kira Laulayi

Sukari kilo biyu, sabulu, zanen goyo, na'urar awon tansiyo, wato hawan jini. Abin da ke jakata ke nan lokacin da motar Isufu direba ta bar kwaltar Gure ta kama rairayi. Shekara shida ina Dakar ina koyon aikin ungozoma. Ƙanwata Zaituna ta dawo gida goyon ciki, wata takwas.

*

Na same ta a ɗakin da yayarmu Yabawa ta rasu, bisa tabarmar nan dai, tana fuskantar bango. Da ta juyo sai da na ja baya. Fuskar ta cika tana sheƙi, idanu sun shige ciki. Haka Yabawa take a hoto na ƙarshe da aka aiko mini.

"Yaya Raihana, kina ganin taurarin nan?" in ji ta.

Rana tsaka ce.

Na danna ƙafarta da yatsa. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

"Laulayi ne," Inna ta ce daga bakin ƙofa, tana tsince gero.

A gidanmu duk abin da ciki ya jawo wa mace laulayi ne: amai, kasala, kwaɗayin kanwa. Abin da aka kira da wannan suna ya fita daga ciwo. Ba a kai shi likita, mai shi ma kunya ba ta barinta ta faɗa.

Na ɗaura wa Zaituna na'ura. Sha takwas, inda sha biyu ya kamata a gani.

"Inna, Yabawa ma haka ta kumbura?"

"Haka. Ɗa namiji ne, shi ke cika mace."

"Da ta fara fizge-fizge fa?"

"Iskar kwari ce, mun yi hayaƙi. Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, ni za ki koya wa ciki? Tara na haifa a ɗakin nan."

A kusurwa na hango kaskon hayaƙin. An wanke shi, an ajiye a kusa.

Zaituna ta riƙe hannuna, zobenta ya nutse a yatsa.

"Tun jiya Yaya Yabawa take mini magana a kunne," ta ce. "Wai in matsa mata."

*

Ni da Isufu muka ɗauko ta. Inna ta biyo mu ba takalmi, ta riƙe ƙofar mota.

"Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. So kike gari ya zage ni?"

Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sun yi sanyi. Na ja ƙofar ta rufu.

"Asibitin Gure za mu, Inna. Ba za ta haihu a ɗakin nan ba."